Lamba Ashirin da Uku

Kullum da safe ina buɗe rajista,
jan biro a hannu, garin alli a gefen mayafi.
Na ɗaya, na nan. Na biyu, na nan.
In na kai ashirin da uku
sai aji ya yi tsit.
Jazuli Ɗalhatu.
Benci na uku, jikin taga,
inda ya ƙwaƙule harafin sunansa da tsinin ƙusa.

Shi ne yaron da kan gama lissafi
kafin in gama share allo.
Zangon farko shi ya zo na biyu.
Zango na biyu ya fara kifa kai a tebur,
rigarsa ta daina ganin guga,
in an fita tara yana nan zaune
yana kallon bango kamar an rubuta masa wani abu.

Na ce lalaci ne.
Na sa shi tsallen kwaɗo daga baranda har gindin tuta,
na rubuta a katinsa, da wannan biron:
ba ya mai da hankali.
Ashe hankalin ne yake riƙe da hannu biyu
kada ya suɓuce masa a gaban mutane.

Da ya kwana ashirin bai zo ba
na bi sawu har lungunsu a Kusfa.
Uwar ta ce iska ce, an yi hayaƙi, an sha rubutu.
Kawu ya ce shaye-shaye ne,
ya caje aljihunsa kaf,
bai samu komai ba sai takardar jarrabawa an ninke ta huɗu.
Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga:
ɗan shekara sha biyar, ina shi ina damuwa?
Haya yake biya, ko cefane?

Jiya na gan shi a Ƙofar Doka
wurin mai faci, ya tsuguna gaban rabin durom,
yana danna robar taya cikin baƙin ruwa,
yana juya ta a hankali.
Ya gaishe ni bai ɗago ba.

Ya ce, Malama, ba karatun na ƙi ba.
Da asuba nakan farka
kamar an jibga mini buhun masara a ƙirji.
Nakan sa kayan makaranta, in taho,
in na hango ƙofa sai ƙafafuna su ƙi.
In kin kira sunana a aji
sai in ji kamar na wani ne,
wani da ake bi bashi.
Dare kuma ba ya ƙarewa.

Na ce ƙanwata tana aikin jinya a Shika,
ta ce abin yana da suna, ciwon damuwa,
ana ganin likita a kansa kamar hawan jini.
Ya ce, wajen mahaukata ke nan?
Ya yi 'yar dariya, ta mutu a hanya.

Sai ga kumfa ta taso, 'yar mitsitsiya,
ɗaya bayan ɗaya.
Ya ɗora yatsa a wurin,
ya soka tsinken ashana don kada ya ɓace masa.
Shekara sha takwas ina riƙe da alli,
ba wanda ya taɓa koya mini
yadda ake gane ta inda yaro ke sacewa.

Shugaban makaranta ya ce a soke sunan,
benci yana da masu jira.
Na ce to.
Na ajiye jan biron, na ɗauki fensir,
na ɗiga ɗan ɗigo a gaban sunan.

Ran Alhamis zan biya ta wurin facin
da kuɗin mota na mutum biyu.
Ya ce zai duba.
Bai ce to ba.
Bai kuma ce kada in zo ba.